Juma'ar da Muka Binne Baba Ba Takardar Likita

A watan nan Babana, Saje Hamisu, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ina 'yar shekara tara lokacin, yanzu ina sha shida. Duk wanda ya san ni a makaranta zai gaya muku ba a ba ni labari in mayar da shi yadda na karɓa. Idan ɓera ya gilma a ajinmu da safe, kafin a tashi na mayar da shi kura mai 'ya'ya. Baba ma Rediyo yake kirana, wai ni kaɗai ce wadda ba ta buƙatar batir. To yau Rediyon ce ta zo muku da labarinsa. Inda na ƙara gishiri za ku gane. Inda abin ya yi muku yawa kuwa har kuka ce ƙarya ce, yawanci nan ne ban ƙara komai ba.

Baba ɗan sanda ne, amma ba shi da tumbi, abin da ya sa wasu ke zargin kayan aro yake sawa. Dogo ne, siriri, idan ya tsaya a gefe sai ka neme shi ka rasa. Ba ya tsoron ɓarawo, ba ya tsoron kare, amma da an ambaci allura sai ya tuna yana da aiki a wani wuri. Kakinsa da kansa yake gogewa da dutsen guga na gawayi, Umma tana tsokanarsa tana cewa, "Saje, a hankali, kada karin wandon nan ya yanke mini yarinya." Shi kuma ya ce, "Bar ni, shi kaɗai ne makamin da gwamnati ba ta ƙirga mini." An tura shi gadin gidan wani alƙali mai ritaya a Nassarawa GRA, alƙalin kuma ya ba mu boskwata, wato ɗakuna biyu na ma'aikata can ƙuryar gidan, bayan bishiyoyin mangwaro. A nan na yi wayo. A makaranta ina cewa ni 'yar GRA ce, kuma ban yi ƙarya ba, don ba wanda ya taɓa tambayata ta wace ƙofa nake shiga.

A ɗakunan nan muka ci gaba da zama bayan rasuwarsa, ni da Umma da ƙanena Sadik, wanda yana ciki aka kashe Baba. Zaman alfarma ne, kuma Umma ta san alfarma tana da ranar ƙarewa. Shi ya sa duk shekarun nan abu ɗaya take bi: haƙƙin da ake ba matar ɗan sandan da aka kashe a bakin aiki, don ranar da aka ce mu tashi ta kama mana wuri mu zauna mu uku, kada a rarraba mu a dangi kamar naman suna.

Ranar da aka kashe shi Juma'a ce, da hantsi. Ina makaranta. Babban ɗan alƙalin ya dawo daga banki, ashe wasu sun biyo shi a baya a kan babur. Motarsa ta shige, Baba ya tura get zai rufe, su kuma suka buɗe wuta. Ba su samu shiga gidan ba. Kafin direban gidan ya kai Baba asibiti rai ya yi halinsa. Ni dai abin da na sani, wata maƙwabciya ta zo ta ɗauko ni daga aji, ta saya mini alawa a hanya ba tare da na roƙa ba. Tun daga alawar nan na san ba lafiya.

A asibitin aka ce likitan da ke duba gawa ya rubuta abin da ya kashe mutum ba ya nan, sai Litinin, a ajiye shi a ɗakin sanyi. Yayan Baba, Baffa Sule, yana gari ranar, ya kawo hatsi kasuwa daga ƙauyenmu. Waɗanda suke wurin sun ce da ya ji haka sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Bawan Allah ya dace da Juma'a, ku ce a sa mini shi a firiji kamar kifi har Litinin? Ga masallatai can suna cika. Ku ba ni ɗan'uwana." Babu wanda ya musa masa. Alƙali, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tambayar mutane ina shaidarku, shi ya ba da motar da aka ɗauko gawar. Abokan aikin Baba su suka kama aka sa shi a ciki. Ba a tambayi Umma ba, amma ta sha gaya mini da an tambaye ta, abin da za ta ce ke nan.

Malam Isiyaku, ladanin ƙaramin masallacin layinmu, shi ya yi masa wanka, kamar yadda yake yi wa duk namijin da ya rasu a unguwar, mai gida ne ko mai gadi. Aka kai shi masallacin Juma'a, ana sallame salla aka jawo makara gaba. An ce sahu ya cika harabar ya fito titi. A bakina sahun nan ya taɓa kaiwa Giginyu, wata rana ma da na samu masu saurare sosai ya kai Kaura Goje. Gaskiyar ita ce jama'a ce mai yawa, waɗanda ba su san ko sunansa ba, suka yi masa salla. Kafin La'asar an dawo daga maƙabarta. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce wa Umma, "Kai, Saje ya dace." Da kalmar nan Umma ta rayu har ta haihu.

Bayan ta yi arba'in ta goya Sadik ta tafi ofishin da ke kula da haƙƙin iyalan mamata. Akawun, in ji ta, mutumin kirki ne. Ya yi mata gaisuwa, ya yi wa jariri wasa, sannan ya ce ina takardar likita mai nuna harbi ne ya kashe shi, domin mutuwar bakin aiki daban, mutuwar zazzaɓi daban. Umma ta ce ai duk Kano ta sani. Ya ce ya yarda, shi ma da shi aka yi sallar, amma Kano ba ta shiga cikin fayil. Ta koma asibiti, suka ce ba sa rubutu a kan gawar da ba su duba ba. Ta nemi ogan Baba, ashe an yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce zai duba, shi ma aka ɗauke shi yana cikin dubawa.

Fayil ɗin Baba ya fi kowa a gidanmu yawon duniya. Ya je Abuja ya dawo, ya sake komawa, mu ko Zariya ba mu taɓa zuwa ba. Ya yi ƙiba, abin da mai shi bai taɓa yi ba. Ruwa ya taɓa dukansa, gara ta taɓa ɗanɗana shi, ya taɓa ɓata wata da watanni sannan aka same shi an tokare ƙafar wani gurgun tebur da shi. Teburin ni na ƙara, amma ɓatan gaskiya ne. A kan bencin ofishin nan Sadik ya koyi zama, a nan ya yi haƙori, a nan ya fara tafiya, har masinjan wurin yana kiransa ɗan ofis. Wata shekara an tara matan mamata a wani babban zaure, aka yi jawabai, aka ba kowace turmin atamfa da ɗan buhun shinkafa, aka ce su ɗaga sama a ɗauki hoto. Shinkafar ta ƙare kafin wata ya mutu. Atamfar tana nan, da ita Umma take zuwa ofis, wai ko za su gane kayansu su tuna da ita.

A kan bencin nan Umma ta haɗu da Maman Giresi, malamar firamare, Kirista 'yar wajen Zariya da ke zaune a Tudun Wada. Ita ma mijinta ɗan sanda ne, a kan hanya aka harbe shi. Nata mijin ya yi makonni a ɗakin sanyi ana jiran dangi su taru, saboda haka babu takardar da ba ta da ita, kuma duk da haka sai da ta yi shekaru tana zarya kafin a sallame ta. Da aka biya ta ba ta daina zuwa ba. Ta ce ƙafarta ta saba, gara ta riƙa raka sababbi. Ina wurin ranar da ta fara jin labarinmu, don an yi mana hutu. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ku dai da saurinku, Maman Sadik! Mutum bai gama yin sanyi ba kun kai shi." Umma ta ce, "Ku kuma ku ajiye naku har ya gaji ya fara tambaya ko an manta da shi ne." Suka yi ta dariya har masinja ya leƙo. Rabon da in ji dariyar Umma tun Baba na da rai, sai ranar, a kan gawa biyu.

Maman Giresi ce ta tono mana hanya. Ta ce idan babu takardar likita, ofis zai karɓi rantsuwar kotu daga wanda ya ga raunin a jikin mamacin da idonsa. Muka zauna tunanin wa ya gani. Ɗan alƙali ya kwanta a ƙasan motarsa lokacin harbin, daga baya ma ya bar ƙasar. Direba jini kawai ya gani ta saman kaki. Baffa ya kasa buɗe zanen da aka lulluɓe shi da shi. Saura mutum ɗaya, wanda ya cire masa kakin ya wanke shi.

Malam Isiyaku ya ce a'a. Ya ce tun yana saurayi malaminsa ya damƙa masa aikin wankan gawa da sharaɗi ɗaya, cewa abin da ido ya gani a ɗakin wanka a nan ake barinsa. Mamaci ba shi da hannun da zai ja zane ya rufe kansa, mai wanka ne hannunsa. Ya wanke attajirai, ya wanke mahaukata, ya ga abin da iyalan mutum ba su taɓa gani ba, kuma ko matarsa ba ta taɓa jin kalma ɗaya daga bakinsa ba. Baffa ya je ya roƙe shi. Alƙali ya kira shi falo ya karanto masa doka da Turanci da Larabci. Malam ya saurara har ƙarshe, ya shanye lemon da aka ba shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, duk na ji. Amana ce." Ya sa takalminsa.

Na so in tsane shi, wallahi na gwada. Na sa masa suna Malam Makulli, na koya wa Sadik kwaikwayon tafiyarsa. Amma tsanar ta ƙi zama, domin duk azumi shi ke fara aiko mana da gero, duk Babbar Salla cinya guda ta ragonsa tamu ce, kuma ranar da zazzaɓi ya sanƙarar da Sadik shi ya saɓa shi a kafaɗa ya ruga bakin titi, da tsufansa da ciwon ƙafarsa. Komai zai ba mu, ban da abu ɗayan da muke nema.

Wani lokaci ina zama in ce, da Baba zai leƙo yau me zai ce? Layinmu dai ba zai gane shi ba. Manyan itatuwan da ke haɗa kai a saman titi an sare rabinsu. Gidajen da a da sai ka yi tafiya daga get kafin ka hango ƙofar falo, yanzu an fasa katangarsu an jera shaguna, ga mai shawarma, ga mai gyaran waya, ga mai labule. Masu gadi yanzu yaran kamfani ne da ɗan kulki a hammata, idonsu a kan waya, ko raƙumi ne zai wuce su da sallama. Zai tambayi kuɗin kwanon shinkafa, a gaya masa, ya ce a kama mai shagon. Zai gan ni na kusa kamo shi a tsawo, ya ce wa ya ba ni izini. Zai ga Sadik, wanda bai taɓa gani ba, da kunnuwa sak nasa. A nan kam ban san me zai ce ba. Duk iya ƙirƙirata na kasa sa masa magana a baki a wurin nan.

Abin da na tabbata shi ne maganar fayil. Baba mutumin ƙa'ida ne har abin ya yi yawa. Ya taɓa tsayar da surukar alƙali a bakin get da rana tsaka saboda ba a sanar da shi zuwanta ba. Ya taɓa hana Baffa shiga da buhun masarar da ya kawo mana sai da ya kwance bakinsa ya duba. Ina jin da zai dawo ya zauna gaban akawun nan, zai saurari bayani, ya gyaɗa kai, ya juyo ya ce wa Umma, "Ai gaskiyarsu ce. Ina takardar?" Sannan ya fita waje inda ba mai ganinsa, ya dafa bango ya daɗe a haka.

Bara alƙali ya rasu, Malam Isiyaku ya wanke shi shi ma. Magada suka zauna rabon gado, gidan bai rabu ba sai aka sayar, wanda ya saya kuma shaguna zai yi. Ba su wulaƙanta mu ba. Sun zo har ƙofa, sun durƙusa sun gaida Umma, sun ba mu wa'adi mai tsawo. Amma wa'adi ko ya kai tsawon Baba ƙarewa yake. Kuma ba ɗakin kaɗai za mu rasa ba, don zoɓo da kunun ayar da Umma ke ƙullawa muna ci, a firijin gidan suke sanyi, da wutar gidan. Baffa ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya ce idan kuɗin bai fito ba kafin lokacin, shi zai tafi da Sadik ƙauye, ya ci tare da 'ya'yansa, ya shiga makarantar can. Da ya tafi Umma ta tashi ta ce in raka ta, kuma idan na buɗe baki a inda za mu sai ta ɗinke shi.

Mun samu Malam a kan tabarmarsa a gindin masallaci, yana gyaran carbinsa da ya tsinke. Duk shekarun nan Umma ba ta taɓa yi masa maganar da bakinta ba, sai aike. Ta durƙusa nesa kaɗan, suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ƙafa.

"Allah gafarta Malam, za a ɗauke mini yaro."

"Na ji, matar Saje. Allah ya kawo mafita."

"Amin. Mafitar na zo nema, an ce tana wurinka."

Malam ya ci gaba da zura 'ya'yan carbi a zare. Ya ce, "Kin san abin da ke wuyana."

"Na sani. Ban zo in ce ka tona masa asiri ba. Ni ba karatu gare ni ba, Malam, amma abin da na ji ana faɗa, aibin mamaci ake rufewa. To ni matarsa ce. Ka gaya mini, abin da ka gani a jikin Saje aibi ne? Idan aibi ne, wallahi na tashi, ba za ka sake ganina a kan maganar nan ba."

Ɗan carbi ɗaya ya suɓuce ya gangaro har gaban ƙafata. Ban ɗauka ba, ban motsa ba, ban ce uffan ba, kuma duk wanda ya san ni ya san ranar an yi abin tarihi. Malam ya daɗe yana kallon zaren. Can ya ce, "Ba aibi ba ne." Ya sake cewa, a hankali, kamar da kansa yake, "Ba aibi ba ne." Sannan ya ce mu je gida, zai shiga cikin gari ya ga wani malami da ya girme shi. Bayan 'yan kwanaki ya aiko a gaya wa Umma ta sa rana.

Wurin rantsuwar wani ɗan ɗaki ne a kotu, mai fanka ɗaya da ba ta juyawa. Malam ya zo da alwalarsa da farar rigarsa. Kafin ya fara ya roƙi Umma ta jira a waje. Ta ce ta gode, a nan za ta zauna. Ni kuma ba wanda ya tuna da ni, na lafe a bayan Maman Giresi. Mu dai abin da aka gaya mana tun ranar farko, harsashi ɗaya ne a ƙirji, nan take, bai ji komai ba. Haka ake gaya wa kowace mace, in ji Maman Giresi daga baya. Ita ma haka aka gaya mata.

Ba ɗaya ba ne. Malam ya dafa Alƙur'ani ya fara daga kafaɗa ya gangaro, da murya wadda ba ta hawa ba ta sauka. Mai buga takardar da yatsa biyu yake bugawa, saboda haka kowane rauni sai an maimaita shi. "Malam, a hankali. Ciki ka ce? Dama ko hagu?" Malam ya ce hagu. Ya ce tafin hannunsa na dama a fashe yake, yatsun kuma sun ƙanƙame kamar na mai riƙe da sakata, sai da ya jiƙa su da ruwan ɗumi kafin su miƙe. Ya ce duk raunukan ta gaba suke, bayansa lafiya lau. Mai bugawa ya ce wannan ba a buƙatarsa. Malam ya ce, "Rubuta."

Umma ba ta yi kuka a ɗakin ba. Ta yi wa Malam godiya, ta jira aka buga hatimi, ta ninke takardar. Sai da muka shiga A Daidaita Sahu muka yi nisa ta kama hannuna na dama, ta buɗe shi tana kallon tafin, ta rufe, ta sake buɗewa. Har muka iso gida ba ta sake shi ba.

Malam Isiyaku bai ƙara wanke gawa ba tun ranar. Mutanen layi sun je sun same shi, malamin da ya ba shi fatawa ma ya aiko cewa bai yi laifi ba, lada ya samu. Ya ce ya sani. Ya ce amma bakin da ya buɗu sau ɗaya, shi bai amince da shi a kan mamaci na gaba ba. Yanzu wani ɗalibinsa ke yi. Shi yana nan yana kiran salla, kuma idan na gaishe shi da fara'a yake amsawa, abin da ya fi mini ciwo a kan ya ɗaure fuska.

Muka kai takardar ofis. Akawun farko ya daɗe da yin ritaya. Na yanzu ya karanta, ya sa hannu, ya ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya, fayil ya cika." Umma ta ce to sai yaushe. Ya ce sai an fitar da kuɗin rukuninsu daga sama, ta riƙa leƙowa. Maman Giresi ta rungume ta a bakin ƙofa ta ce, "Barka, ƙawata. Yau kika shiga layi." Ashe duk shekarun nan ba a layi muke ba, a layin shiga layi muke.

Wa'adi ya cika kafin sama ta motsa. Muna ɗaure kaya masu rusau suna cire get ɗin gidan, 'yan gwangwan na tsaye suna jira su auna shi a sikeli. Maman Giresi ta kwashe buhunan da ke ɗan ɗakin ajiyarta a Tudun Wada ta ba mu. Na auna shi da ido na ce wa Umma Sadik zai shiga, ni sai in riƙa kwana a tsaye, ai na saba tsayuwa a aji saboda surutu. Ta ce, "Ɗakin zai ɗauke shi. Tukunyar ce ba za ta ɗauka ba." Baffa ya zo da safe. Ya ɗauki jakar Sadik, sai ya tsaya ya ce, "Da na bar shi ya kwana a asibitin nan…" Umma ta katse shi. Ta ce, "Yaya, kada ka ƙarasa. Sahun da ya samu ba zan mayar da shi don takarda ba." Sadik kuwa murna yake, an gaya masa hutu zai je, kuma akwai jaki.

Ni ban kai Umma ba. Akwai ranakun da nake cewa da an rage sahun nan rabi a bar mini ƙanena. Sai in tuna Baba kwance a firiji har Litinin, mutumin da ko ruwan sanyi ba ya sha, in ji kunyar kaina. Ban san wanne ne daidai ba. Abin da na sani, babu mugu ko ɗaya a labarin nan in ban da masu babur, kuma su kaɗai ne ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda. Saboda haka ku da mazajenku ko 'yan'uwanku ke sa kaki, idan ranar ta zo, Allah ya nisanta ta, ku yi gaggawarku, amma a samu mutum ɗaya mai taurin zuciya ya tsaya a asibiti har a rubuta. Za a ce ba shi da imani. Ya haƙura a faɗa. Ku kuma da ke zaune a bayan tebura, matar da ke kan benci da goyo ba ƙirƙirar mutuwar mijinta ta yi ba. Ƙirƙira aikina ne, kuma ko ni ban taɓa kai nan ba.

To me ya rage na Saje Hamisu? Sunansa ba ya jikin kowane bango, kuma inda ya faɗi za a zuba siminti a sa wa wani shago ƙofa. Amma mata da yaran da ke cikin gidan nan a ranar duk sun kwana da ransu, wasu sun yi aure, wasu sun haihu, suna can suna faɗa da 'ya'yansu a kan wanka da aikin makaranta ba tare da sun san darajar faɗan ba. Wannan nasa ne, babu ofishin da zai riƙe masa shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Sauran abin da ya bari mu ne, mu uku, biyu a Tudun Wada ɗaya a ƙauye.

Kullum bayan Magariba Umma tana kiran wayar Baffa a ba Sadik. Makonnin farko tun kafin ya gaishe ta yake cewa, "Umma, an biya? Yaushe za ku zo ku ɗauke ni?" Ita kuma ta ce saura kaɗan. Jiya da aka ba shi wayar bai tambaya ba. Ya ce akuyar Baffa ta haihu an ba shi ɗaya, kuma yana sauri, 'yan'uwansa na jiransa su ci tuwo. Har ya fara jan magana irin ta mutanen can. Umma ta ce madalla, Allah ya raya. Ta ajiye wayar. Can ta ce in duba mata ko mayafinta ya bushe, gobe da sassafe za ta leƙa ofis.